Inda Katangar Maƙabartarmu Ta Karkace

Shekarar da na ajiye aikin rediyo na koma garinmu, na tarar ana yi wa maƙabarta katanga. Garin namu ƙarami ne, yana tsakanin Bodinga da Shagari. Kasuwar Bodinga muke ci, amma rabin danginmu suna ƙauyukan Shagari. Maƙabartar tana yamma da gari, kuma ta daɗe tana shan wahala ta fuska biyu. Shanun da ke gangarowa daga wajen Horo Birni ta cikinta suke ratsawa, manoman da ke maƙwabtaka da ita kuma kowace damina sai an ga kunya ɗaya ta ƙaru a gonakinsu ba tare da sun sayi ƙasa ba. Wani ɗan garin da Allah ya buɗa wa a fataucin albasa ya ɗauki nauyin siminti da bulo. Aka ja igiya, aka haƙa rami, gini ya tashi ta gabas, ya bi kudu da arewa. Da aka zo yamma sai aiki ya tsaya, saboda kabarin kakana.

Kakana, mahaifin babana, maharbi ne. A zamanin Turawa ya harbe hakimin garinmu da kibiya, da hantsi, hakimin yana bisa doki a hanyarsa ta zuwa Bodinga. Daga nan ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba sai bayan Turawa sun tafi, ya dawo tsoho. Babu wanda ya kama shi, babu kuma mai gaishe shi. Da ya rasu, ɗan wanda ya kashe ne ke riƙe da gari. Ya yarda a yi masa salla, amma ya ce ba za a kwantar da shi a ƙasa ɗaya da ubansa ba. Sai aka rufe shi can gefe, ƙarƙashin wata aduwa a bakin gonarmu, 'yar tazara kaɗan yamma da sauran kaburbura.

To in aka miƙe katangar yamma bisa igiya, kakana yana waje. In aka ɗan lanƙwasa ta, yana ciki. Ƙasar wurin tamu ce, babu wanda zai rasa ko taki ɗaya. Mai albasa ya ce ƙarin bulo ba ya damunsa. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai ce wa magini ya lanƙwasa.

Mutum ɗaya ce wannan magana ta hana wa sakat, wato Goggo, yayar babana, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana. Babu wanda ya san shekarunta, ita ma ba ta damu ta sani ba. Ita ce mai wankan gawar mata a garin tun kafin in yi wayo, har zuwa lokacin da hannunta ya fara rawa ta miƙa wa waɗanda ta koya wa. A garinmu mata ba sa shiga maƙabarta, amma da yake kabarin ubanta a bakin gona yake, kowace shekara takan je ta jibga masa ƙaya don kada shanu su taka. Kwana kaɗan da dawowata ta aiko a kira ni. Ta ce ita ta kusa tafiya, kuma ta duba cikin jikokin gidan ba ta ga mai saro ƙaya ba, duk sai masu shafa waya. In ta mutu, damina biyu ta isa a nome ubanta. So take ta ga yana cikin katanga kafin ta rufe ido. Ta ƙara da cewa tun da na ƙare rayuwata ina surutu a cikin akwati mutanen duniya suna saurare, ai ba zan kasa yi wa kawuna magana ba.

Kawun nawa shi ne hakimin yanzu. Mahaifiyata jikar hakimin da aka kashe ce, shi kuma ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yadda aka yi ɗan maharbi ya auri jikar wanda ubansa ya harbe, wannan labari ne na dattawan da suka gaji da gaba, kuma ni ne abin da ya fito daga gajiyar tasu.

Na je na faɗi na yi gaisuwa, na kawo maganar. Kawu ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi abin da duk mai mulki yake yi in an kawo masa abin da ba ya so ya ce a'a kuma ba ya so ya ce i. Ya kafa kwamiti. Ya sa liman, ya sa mai albasa, ya sa wani matashi ɗan garin da ke koyar da tarihi a wata kwaleji a Sakkwato, ya naɗa ni shugaba. Dalilinsa shi ne ni rabi da rabi ne, kuma aikina na shekaru shi ne jin ta bakin kowane ɓangare.

Aikin kwamitin ba gano wanda ya yi kisa ba ne, domin wannan ko yaro ya sani. Aikinsa gano dalili. Kawu ya shimfiɗa sharaɗin a gaban jama'a: in ya tabbata cewa kakana don talakawa ya yi, saboda wani zalunci da ya ishe su, katanga ta lanƙwasa. In kuwa don wata buƙatar kansa ya yi, a miƙe ta. Mutane suka yaba da adalcin hakimi. Sai da na koma gida na zauna na ga yadda sharaɗin yake. Ba za a shigar da kakana na wajen uba ba sai na rubuta da hannuna cewa kakan mahaifiyata azzalumi ne, kuma ba za a wanke kakan mahaifiyata ba sai na rubuta cewa kakana ɗan ta'adda ne mai kwaɗayi.

Muka fara zama a zauren makarantar firamare, ran Asabar, bayan an dawo daga fadama. Na bi ƙa'idar da na saba da ita: in mutumin gidanmu ya yi magana, sai na gidan sarauta ya yi, kowa da daidai lokacinsa. Na kuma roƙi kowa ya bambanta abin da ya gani da abin da ya ji. Wannan roƙon bai ba mu wahala ba, don babu wanda ya ga komai. Mafi tsufa cikin masu ba da shaida ya ce yana goye a bayan uwarsa ranar da abin ya faru, amma ya tuna garin ya yi tsit.

Dalilai kuwa sun zo a wadace. Wasu suka ce haraji ne: hakimin ya sa an shanya yayan kakana a rana don ya kasa biya. Wasu suka ce wata fadamar albasa ce da kakana ya sa wa ido, hakimin ya ba wani. Wani dattijon Bafulatani da ya zo daga rugarsu ta wajen Shagari ya ce jangali ne, domin a wajen wancan hakimin saniya mai ciki biyu ce. Ban daɗe ba na lura da wani abu. Duk wanda gidansu ke noma fadamar da gidan sarauta ya ba su, fadama ya ji daga bakin kakarsa. Duk wanda aka taɓa ci wa ubansa tara a ƙofar hakimi, haraji ya ji. Ban kama ko mutum ɗaya da ƙarya ba. Kowa da gaske ya ji abin da ya ce ya ji, kakannin ne dai kowacce ta san gidan da take ba da labari a ciki.

Sai wata rana wani tsohon mahauci ya ce shi kare ya ji. Kakana yana da karen farauta da yake ji da shi, dokin hakimi ya take shi a bakin kasuwa, hakimin bai ko waiwaya ba. Wannan dalili bai yi wa kowa amfani ba. Ya yi wa gidanmu ƙanƙanta, ya yi wa gidan sarauta wulaƙanci, a ce ran hakimi guda a bakin na kare ya tafi. Malamin tarihi ne ya cece mu. Ya miƙe ya yi bayani mai tsawo cewa karen nan ba kare ba ne kawai, yana wakiltar talakan da mulkin mallaka ya take ya wuce. Mahaucin ya ce shi dai kare aka gaya masa, ja, mai yankakken kunne.

Wannan matashi tun zaman farko ya riga ya gama bincikensa. A wajensa kakana ɗan gwagwarmaya ne da ya girgiza Turawa, kuma har ya tsara kalmomin da za a rubuta a allon ƙarfe a kafa a bakin aduwar. Na tambaye shi ko akwai wata alama cewa Turawan sun san an girgiza su. Ya ce rashin alamar shi ne babbar alama, don ba za su rubuta abin kunyarsu ba. Ɗan hakimi, wanda ke zuwa a madadin gidansu, shi ma ya gama nasa binciken tun kafin a haife shi. Su biyun sukan yi musu har a kira la'asar, sannan su hau babur ɗaya su tafi, don matansu 'yan ɗaki ɗaya ne.

Liman sau ɗaya ya yi magana. Ya ce shi abin da ya karanta, Musulmin da ya yi kisa laifinsa babba ne ƙwarai, amma ana yi masa salla a rufe shi cikin Musulmi. Ya ce niyya tana da nauyi a shari'a, sai dai mai niyyar da wanda aka yi wa duk suna gaban wanda ba ya buƙatar shaidu, kuma bai ji an ce za a nemi rahotonmu a can ba. Da maganar ta kai kunnen Kawu, ya aiko da godiya, ya ce malam ya yi gaskiya, shi ya sa ma ba a tambayi kwamiti hukuncin addini ba, maganar bulo ce da tarihi. Daga ranar liman ya ci gaba da zuwa, yana zama kusa da taga da tasbaharsa.

Ni kuwa daidaiton da nake taƙama da shi bai saya mini komai ba. 'Yan gidanmu suka ce nonon uwa ne ke magana a bakina. 'Yan gidan sarauta suka ce jinin maharbi ba ya ɓuya. Akwai ranar da na ce "marigayin da ake zargi" game da kakana, ɓangarorin biyu suka fusata lokaci ɗaya: waɗannan don na ce zargi ne kawai, waɗancan don na ce akwai abin zargi. Aka yanke shawarar a nemo wanda ba shi da alaƙa da kowa. Muka zauna muka bi garin gida gida da baki, ba mu sami mutum ɗaya da bai haɗa jini ko aure ko iyakar gona da ɗayan gidajen biyu ba. Aka je Bodinga aka ɗauko wani tsohon alƙali da ya yi ritaya. Zama ɗaya ya yi lafiya. A na biyu wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta gane shi, ta ce ai kakarsa 'yar garin nan ce, an kai ta aure Dingyaɗi. Gidan sarauta suka ce 'yar gidan maharbi ce, gidanmu suka ce 'yar gidan sarauta ce. Ban taɓa ganin matar da dangi biyu suka yi rige-rigen sallamawa kamar wannan baiwar Allah ba. Alƙalin ya ci abincin rana, aka ɗora masa albasa a bayan mota, ya koma.

Duk wannan lokacin katanga tana tsaye ta fuska uku, yamma a buɗe. A da shanu sukan shiga ta nan su fita ta can. Yanzu sai su shiga ta yamma su rasa mafita, su wuni a ciki.

Mai albasa ne ya fara gajiya. Simintinsa yana daskarewa a ɗaki, damina tana matsowa. Shi mutum ne da ya saba raba gardamar dillalai, ya san cewa ciniki ba ya faɗawa sai kowa ya tafi yana ganin bai faɗi ba. Ya kawo shawarar da ta ba kowa mamaki don sauƙinta: a ce kuskure ne. Maharbi ya hango gada, ya saki kibiya, dokin hakimi ya gitta. Gudun da ya yi kuma tsoro ne. Da haka hakimi bai zama azzalumi ba, kakana bai zama mai kisan gilla ba, kare ya huta. Ɗan hakimi ya ce zai iya kai wannan gida. Malamin tarihi ya yi jimamin allonsa, amma ya ce a fagen ilimi akan sami irin wannan matsaya. Na ce ba mu da shaida ko ɗaya da ta ambaci gada. Mai albasa ya ce ai ba mu da shaidar da ta ce babu gada. Liman ya dubi taga.

Kawu ya karɓa da sharaɗi ɗaya: 'yar maharbin da ta rage ta faɗa da bakinta, a gaban liman, cewa kuskure ne. Ranar da ta faɗa, ranar magini zai lanƙwasa igiya.

Muka je ni da liman da hantsi. Muka same ta a inuwar rumbu tana dunƙula gabu, wato dakakken ganyen albasa da ake shanyawa don miya. Bayan gaisuwa na jera mata bayanin a hankali, yadda nake karanta labarin da na san zai yi wa wasu zafi. Na nuna mata cewa abin da take nema ya samu, kalma ɗaya ta rage. Ba ta daina dunƙulawa ba har na gama.

"Gada," in ji ta. "Ubana da ka harbin zabuwa tana bisa iska, shi na za ya nuhi gada shi samu ƙaton mutum bisa doki? Wa yak kawo wagga magana?"

Na ce shawarar kwamiti ce.

"Kwamitin ga, akwai wanda yat taɓa jan baka cikinku?"

Na ce babu. Na ce mata ba wai an raina harbinsa ba ne, hanya ce kawai ta rufe magana, kowa ya san haka.

"In kowa ya san ƙarya ta, don mi za ni hwaɗa ma malam ita? Shi yak kashe shi, kuma shi yan nuha. Ban hwaɗin wani abu baicin wanga."

Sai na yi mata tambayar da kwamiti ya kwashe watanni yana yi wa waɗanda ba su sani ba, bai taɓa yi wa ita da ta yi jinyarsa ba, don an ce 'ya ba ta shaidar uba. Na ce a shekarun da ya dawo yana ɗakin nan, bai taɓa gaya mata dalili ba? Ta ce bai faɗa ba. Na ce ita kuma ba ta tambaya ba? Ta ɗago ta dube ni kamar na shigo mata da takalmi kan tabarmar salla. Ta ce ta dama masa fura, ta wanke masa tufafi, ta kai shi rana ta dawo da shi inuwa, amma ɗiya ta zauna ta tambayi ubanta me ya sa ya kashe mutum, wannan rashin kunyar sai mu 'yan rediyo. Ta ce tana jin sa yana istigfari, amma duk tsoho yana yi, har waɗanda ba su kashe kowa ba. Dalili dai ita ba ta sani ba, ni ban sani ba, kawuna bai sani ba, kuma ko da an sani hakimin ba zai tashi ba.

Na ce to ta san ma'anar wannan ita ce katanga za ta miƙe. Ta ce ta sani. Sannan ta juya ga liman.

"Malam, ka shaida. In na mutu a sa ni wurin ubana, yamma da shi."

Na ce, "Goggo, can fa waje ne. Shanu ne, ga masu noma."

"Shi kaɗai yak kwana can tun kana rarrahe. Ya isa hakanan."

Liman ya ce ya shaida. Ta ba shi gabu a leda, ni ba ta ba ni ba.

Da na kai wa Kawu sakamako ban ga ɓacin rai a fuskarsa ba. Ya ce cikin duk waɗanda suka yi magana a wannan al'amari tsohuwar nan ce kaɗai ba ta ƙara gishiri ba. Kowa ya ɗauka washegari za a miƙe katanga, amma bai ba da umarni ba. Ya ce kwamiti ya ci gaba da nazari. Dalilin a fili yake ko da yake babu mai faɗa: ba wanda yake so a ce shi ya sa aka gina bango a fuskar Goggo tana raye tana kallo daga bakin gonarta. Jira ake yi. Mai albasa ya sa aka ɗora simintinsa a kan katako. In mutane suka zo gaishe ta suna tambayar jiki, takan ce su gaya wa magini ya ƙara haƙuri.

Ta rasu da safe, farkon damina, an yi ruwan shuka ke nan. Matan da ta koya wa suka yi mata wanka. A wajenmu ba a ajiye gawa, kafin azahar an gama komai, saboda haka babu lokacin kiran taro ko neman ra'ayin kowa. Masu haƙa suka tambayi ina, liman ya ce wurin ubanta. Suka je suka fara sara tsakanin kabarin kakana da inda igiyar magini ta bi, wato gefen da ya fi kusa da mutane, don a ganinsu wannan ne mutunci. Liman ya tsayar da su. Ya ce yamma da shi ta ce, kuma wasiyya ba a yi mata gyara. Suka koma bayan kabarin. Saiwar aduwa ta hana su matsawa nesa, sai suka haƙa dab da shi.

Garin duka ya fito, har da mutanen ruga. Kawu yana tsaye da sandarsa a sahun gaba. Da aka gama rufewa ana addu'a, na ga ya dubi sabon kabarin, ya dubi tsohon da ke ƙarƙashin ƙaya, ya dubi turakun igiya, ya sake dubawa daga farko. Ni ma sai a lokacin na jera su a idona: maƙabarta, igiya, kakana, sannan Goggo a can ƙarshe. Ya matso kusa da ni ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Kana wurin tay yi wasiccin ga?"

"Ina wurin, ranka shi daɗe."

"Yamma tac ce, da bakinta?"

"Da bakinta."

Ya gyaɗa kai. Ban san ko dariya ce ya danne ko wani abu ba, ya dai ja rawaninsa ya rufe baki.

Bayan an tashi zaman makoki ya kira magini zaurensa, muna nan zaune. Ya ce matar da ta wanke uwarsa, ta wanke yayarsa, ta wanke kusan duk macen da ke kwance a maƙabartar nan, ba za ta kwana inda shanu ke bi ba yana raye. A zagayo da katanga ta bayanta. Magini ya ce to, sannan ya ce ranka shi daɗe, kafin a kai gare ta akwai wani a tsakani. Ɗan hakimi ya kawo dabarar a yi wa katangar wani lungu da zai ɗauko Goggo ya bar maharbin a waje. Magini ya ce tsakanin kaburburan biyu ko bulo ɗaya ba zai zauna a tsaye ba.

"Ni Goggo nac ce," in ji Kawu. "Ban ambaci kowa ba. Abin da igiya tat tarar bisa hanya, wanga tsakaninta da kai na."

Haka aka gina. In ka fito daga hanyar Bodinga za ka ga katangar yamma ta taho a miƙe, ta yi ciki kamar gwiwa ta zagaye wata aduwa, ta koma kan layinta. Ƙayar da ke kan kabarin kakana ta ruɓe, ba a sake sa wata ba don babu buƙata.

Ba a rushe kwamitinmu ba har yau, kuma ni ne shugaba. Ba mu gano dalilin kisan ba. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu akwai saɓani kan dalilin gwiwar. Gidanmu suna cewa gari ne ya amsa cewa maharbi yana da gaskiya. Gidan sarauta suna cewa karamcin hakimi ne ga tsohuwa, wani ya raɓa ya shiga. Malamin tarihi ya gabatar da takarda a kwalejinsu cewa matsin lambar talakawa ne. Magini yana cewa saiwar aduwa ce.

Kawu ya tsufa sosai yanzu. Kwanakin baya ya kira liman da ni da ɗansa, ya ce mu shaida, in ya mutu a sa shi kusa da kakansa, can ƙarshen gabas. Liman ya ce ya shaida. Kawu ya ce bai ji ba, a maimaita masa wane gefe ya ce. Liman ya ce gabas. Ya juyo gare ni, ni ma na ce gabas.